KUSKUREN GIDAN BUGA KUƊI KO WAHALAR KASUWA? YADDA ZA MU BAMBANCE KWANDALA MAI AIBI

Duk wanda ya saba cin kasuwannin kan iyaka, daga Birnin Ƙonni da Illela zuwa Ɗan Isa da Jibiya, daga Gaya da Kamba da Malanbil har Kusuri da Injamena, ya san cewa babu abin da ke shan wahala a hannunmu kamar kuɗin ƙarfe. Kwandala ɗaya takan kwana a gwangwanin mai shayi, ta wuni a lalitar mai goro, da yamma ta faɗa cikin rairayin tasha babbar mota ta bi ta kanta, gobe kuma yaro ya tsince ta ya kai wa mai ƙosai. A da, idan aka miƙo mana wadda ta lotsa ko ta goge, gardamar ɗaya ce: a karɓa ko a mayar wa mai ita. To amma yanzu wata gardamar ta ƙaru, tun da wayoyin hannu suka cika da hotunan bidiyo masu cewa wai kwandala mai aibi tana iya saya wa mutum gida da mota.

Sakamakon haka, wasu daga cikinmu sun fara ware duk wata dala ashirin da suka ga ta karkace suna ɓoyewa a ƙarƙashin teburi, wasu kuma har suna zaro jika-jika daga cikin uwar kuɗi su sayi ƙarfen da aka ce musu Turawa na nema ruwa a jallo. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin kuwa akwai masu tara tsofaffin kuɗi a duniya da ke biyan farashi mai tsoka a kan kwandalar da aka yi kuskure wajen buga ta. Sai dai abin da masu bidiyon ba sa faɗa shi ne, kuskuren da ake saye shi ne wanda ya auku tun a cikin gidan buga kuɗi. Duk wani aibin da ya samu kwandala bayan ta fito, komai ban mamakinsa, lalacewa ce kawai, kuma ba ya ƙara mata ko anini. Kama da wane ba ta wane. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu zauna da mai karatu mu bi hanyoyin da ake bambance su ɗaya bayan ɗaya.

YADDA AKE HAIHUWAR KWANDALA

Ba za a gane kuskuren maƙeri ba sai an san yadda yake ƙira. Kuɗin Sefa na ƙasashe 8 na Afirka ta Yamma bankin BCEAO mai hedkwata a Dakar ne ke fitar da su, na ƙasashe 6 na Afirka ta Tsakiya kuwa bankin BEAC mai hedkwata a Yawunde. Akasarin sulallan da muke juyawa na waɗannan bankuna biyu an buga su ne a ma'aikatar gidan buga kuɗi na Faransa da ke garin Pessac kusa da Bordo, wadda ta fara aiki a 1973. Nijeriya kuma tana da nata kamfanin buga kuɗi da aka kafa a Legas a 1963.

Aikin yana tafiya ne hawa-hawa. Da farko ana murza ƙarfe ya zama dogon falle mai kauri daidai da na kwandalar da ake so. Daga nan inji ya riƙa fafe faifai-faifai daga jikin fallen, kamar yadda mai yin cincin ke yanke ƙullu da bakin kofi. Sai a gasa faya-fayen su yi laushi, a wanke su, a bi da su ta wani inji da ke tayar musu da ɗan leɓe a kewaye. Hawa na ƙarshe shi ne bugu: faifan ya zauna cikin wani zoben ƙarfe, hatimi ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama, su haɗu a kansa da nauyin tan masu yawa. Bugu ɗaya ne ke fitar da fuska da baya a lokaci guda, zoben kuma shi ke hana ƙarfen bazuwa, shi ne kuma ke fitar da tsage-tsagen nan da muke ji a gefen dala ashirin. Injin zamani yana buga ɗaruruwa a cikin minti ɗaya, saboda haka ba abin mamaki ba ne jifa-jifa mai aibi ta kuɓuce wa masu dubawa.

Akwai abu guda da ya kamata mu riƙe da kyau a nan. Zanen da ke jikin hatimi a lotse yake, kuma a juye, kamar na hatimin ofis. Abin da ya lotsa a hatimi shi ke fitowa a tashe a jikin kwandala. Daga wannan ne mafi yawan gwajin da za mu kawo suka samo asali. Haka kuma wuraren da kuskure ke iya aukuwa uku ne kacal: ko a faifan, ko a hatimin, ko a wajen bugun. Don haka tambayar farko da za mu yi wa kowace kwandala ita ce, a wane hawa ne injin zai iya yin wannan abu? Idan muka rasa amsa, to hannun mutane ne ko wahalar hanya.

A TASHE YAKE KO A LOTSE?

Idan hatimi ya tsufa yakan tsage. Lokacin bugu sai ƙarfen ya kutsa cikin tsagar, ya fito a jikin kwandala kamar jijiya, siririn layi a tashe, mai ɗan kwane-kwane, wanda farce ke tuntuɓe da shi. Idan ma wani ɓangare na bakin hatimin ya ɓalle gaba ɗaya, sai a ga wani ɗan tudun ƙarfe sumul a bakin kwandalar, babu zane a kansa. Waɗannan kurakurai ne na gaskiya.

Karce kuwa akasin haka yake. Wuƙa ko ƙusa ko dutse idan suka bi ta kan kwandala rami suke bari, kuma a gefen ramin za a ga ƙarfen da aka ture ya taru kamar kunyar gona. Sau da yawa cikin ramin yakan fi sauran jikin haske, saboda sabon ƙarfe ne aka tono. Madubin masu gyaran agogo ko na masu gyaran waya ya isa ya nuna wannan.

Wata alamar kuma ita ce, kuskuren hatimi ba ya zuwa shi kaɗai, yana da ƴan uwa. Hatimin da ya tsage yakan ci gaba da aiki har ya buga dubbai kafin a cire shi, kuma kowace daga cikinsu za ta fito da layin a wuri ɗaya, da siffa ɗaya, da shekara ɗaya. Idan aka ce mana hatimi ne ya yi aibin, amma duk duniya babu wata mai irinsa, to akwai alamar tambaya.

SIKELI BA YA ƘARYA

Kowace kwandala da nauyin da aka yanka mata. A cikin tsofaffin sulallan BCEAO, dala, wato tamma 5, giram 3 ce. Dala biyu giram 4. Dala biyar giram 8. Dala goma giram 5. Dala ashirin giram 7. Ƙaramin sikelin maƙeran zinariya yana iya auna su, kuma hanya mafi sauƙi ita ce a auna wadda ake shakka tare da ƴar uwarta lafiyayya ta shekara ɗaya.

Idan faifai bai zauna daidai ba aka buga shi a karkace, zanen zai gusa gefe guda, ɗaya gefen ya zama fili sumul kamar jinjirin wata. Irin wannan nauyinta cikakke ne, domin babu abin da aka rage mata, kuma ba za a samu tsage-tsagen gefe yadda aka saba ba, tun da ba a cikin zobe aka buga ta ba. Wanda ya ɗauki magagari ya goge rabin zane don ya kwaikwayi wannan, sikeli zai tona shi, tsage-tsagen gefen kuma suna nan daram.

Akwai kuma wadda ake samu da gutsure a baki, kamar an ciza. Na gaskiya yana faruwa ne idan injin fafe faifai ya faɗa kan wurin da ya riga ya fafe. Ana gane shi da alamu biyu. Ta farko, zane da leɓen kwandalar sukan yi ta dusashewa a hankali yayin da suke kusantar gutsuren, saboda ƙarfen ya gudu zuwa wurin da babu komai lokacin bugu. Ta biyu, sau da yawa leɓen da ke can ɗaya ɓangaren, daidai saitin gutsuren, yakan yi rauni ko ya kwanta, domin injin tayar da leɓe bai samu abin tokara ba a wannan saitin. Wadda aka yanke da almakashin ƙarfe kuwa, rubutunta yana nan da ƙarfinsa har bakin yankan sannan ya katse kwatsam, bakin yana da kaifi, ga kuma sawun magagari.

Mu kuma yi hattara da kwandalar da ta yi siriri kamar takarda aka ce wai a kan faifan wata ƙasa aka buga ta. Ruwan batir da makamantansa suna cin ƙarfe ta kowane ɓangare, su rage kauri da faɗi tare, su bar zanen dishi-dishi, jikin kuma da ƙananan ramuka kamar zanzana. Wadda aka buga a kan faifan da ba nata ba, nauyinta zai zo daidai da na wata sananniyar kwandala da gidan ke bugawa, jikinta kuma sumul.

KULLUM A JUYA A DUBI BAYA

Guduma ba ta iya bugun fuska ba tare da baya ya ji a jikinsa ba. Duk inda muka ga lotsawa, mu juya. Idan daidai saitin wurin ya baje ko ya kumbura, to an ɗora ta ne a kan dutse ko maƙera aka buga, ko kuwa taya ta taka ta a kan kwalta.

Wannan gwaji shi ke kama wata dabara da ƴan damfara suka fi so. Sukan haɗa kwandala biyu su matse a injin matsi na masu walda, sai rubutun ɗaya ya shiga jikin ɗayar a juye, a lotse. Ga wanda bai sani ba abin ban mamaki ne. To amma idan aka duba za a ga rubutun na juye ya hau ne a kan zanen asali wanda yake nan a ƙarƙashinsa, bayan ya baje, leɓen ya mutu, kwandalar ma ta daina zama da'ira sosai. Akwai na gaskiya mai kama da wannan, wanda ke faruwa idan kwandalar da aka buga ta maƙale a jikin hatimi, sabon faifai ya shigo aka buga shi da ita. A nan fuska ɗaya takan fito lafiya ƙalau, ɗayar kuma ta ɗauki wannan zanen dai na fuskar farko, a juye, a lotse.

Haka zalika mu bambance gogewa da toshewar hatimi. Wani lokaci giris da dattin inji kan cika wani harafi a jikin hatimi, sai harafin ya ƙi fitowa. Alamarsa ita ce wuri ɗaya ne ya ɓace, sauran rubutun yana nan raɗau, leɓe cikakke, nauyi cikakke. Kwandalar da yawo ya cinye kuwa, wuraren da suka fi tudu ne ke fara gogewa, gaba da baya tare, har ta zama sumul kamar tsofaffin dala goman nan da masu taksi ke ƙi.

Game da rubutu mai ninki biyu, nan ma akwai magana. Idan tun wajen ƙera hatimin ne zanen ya shiga sau biyu, haruffan kan fito biyu-biyu, kowanne da tudunsa, da ƴar tsaga a ƙarshensu. Idan kuwa hatimi ne ya ɗan girgiza lokacin bugu, sai a ga wata inuwa a kwance a gefen harafi kamar matakala. Wannan na biyun a gidan buga kuɗi ya faru, amma yana da yawa ƙwarai, masu saye ba su damu da shi ba.

LAUNI DA MASU ƘARFE BIYU

Sauyin launi shi ya fi ruɗin jama'a, alhali shi ne mafi raunin hujja. Kwandalar da ta daɗe a ƙasa takan yi baƙi ko ja, wadda ta sha gishiri ko manda ko kanwa takan yi kore, wadda ta faɗa gobara ko murhu takan yi dabbare-dabbare har ta yi ƙuraje. Maƙeran farfaru kuma suna iya shafa wa farin ƙarfe ruwan zinariya a cikin ɗan lokaci. Tun zamanin Turawa ƙasarmu ke cin ƙarfe: aninin farko da Ingila ta kawo Nijeriya a 1907 da sanholo aka yi shi, bai jure ba, a 1908 aka koma yin sa da gamin tagulla da nikel.

Masu ƙarfe biyu, wato dala hamsin ta 1992, dala arba'in da dala ɗari na 2003, da naira 1 da naira 2 da Babban Bankin Nijeriya ya fitar a watan Fabrairun 2007, suna da tasu fitinar. Ana iya fitar da ƙwayar tsakiyar da guduma, a juya ta a mayar, ko a sayar da zoben shi kaɗai a ce kuskure ne. A duba mahaɗar: idan an taɓa ta za a ga sawun duka, ƙwayar tana motsi ko ta ɗan fi zoben tudu, zanen da ya kamata ya tsallaka daga ƙwaya zuwa zobe kuma bai haɗu ba. Jan ƙarfen da ke jikinsu babu zinariya ko ƙwayar zarra a ciki. Ita kuwa mai fuska iri ɗaya gaba da baya, kusan kullum guda biyu ne aka rarake aka haɗa. Akwai siririn layin haɗi a cikin leɓenta, kuma idan aka jefa ta a kan siminti ƙararta a dushe take.

ABUBUWAN DA BA KUSKURE BA NE SAM

Akwai abubuwan da haka aka so su, amma ake sayar wa mutane da sunan kuskure. Na farko, idan muka riƙe kwandalar Sefa a tsaye muka juya ta daga dama zuwa hagu, za mu ga bayanta kai a ƙasa. Wannan tsohuwar al'adar bugun Faransa ce, haka ma kuɗin Amurka suke. Na Ingila da na Nijeriya kuwa gaba da baya kai ɗaya suke kallo. Abin da zai zama kuskure shi ne a samu wadda ta saɓa wa sauran ƴan uwanta.

Na biyu, ƙananan alamun nan biyu da ke ɓoye a jikin sulallan Sefa. Ɗaya ƙaho ne, tambarin gidan buga kuɗi na Faransa. Ɗayar kuma ta babban mai zanen gidan ce, tana sauyawa idan aka sauya shi. An yi mujiya daga 1958, kifin dolfin daga 1974, ƙudan zuma daga 1994. Don haka bambancin alama tsakanin kwandala biyu ba wani abu ba ne.

Na uku, mayen ƙarfe. Tsohuwar dala ashirin da zallar nikel aka yi ta, mayen ƙarfe yana kama ta tun asali. Tsohuwar dala goma ba ya kama ta, amma waɗanda aka buga daga 2012 da baƙin ƙarfe mai rufin nikel yana kama su. Duka kuɗi ne na halal, babu jabu babu kuskure.

Na huɗu, azurfar Mariya Tariza da iyayenmu mata ke ratayawa a wuya. Kowace tana ɗauke da shekarar 1780, shekarar da wannan sarauniya ta Ostiriya ta rasu, domin an ci gaba da buga ta da wannan shekara har zuwa zamaninmu. Nauyinta giram 28 ne, kashi 83 cikin 100 azurfa. Darajar mafi yawansu ta azurfar ce, hujin da aka yi mata don zare kuwa aikin maƙeri ne.

KURAKURAN DA SUKA YI SUNA

Domin mu san yadda na gaskiya yake, ga wasu da duniya ta tabbatar. A 1955 gidan buga kuɗi na Filadalfiya a Amurka ya fitar da kwabonsu na santi 1 da hatimi mai ninkin zane. Shekarar da rubutun sun fito biyu-biyu ƙarara, ido ma yana gani ba sai da madubi ba. Kimanin 20,000 zuwa 24,000 ne suka shiga hannun jama'a, kuma ko wanda ya sha yawo yana haura dalar Amurka 1,000.

A 2008 Ingila ta sauya zanen sulallanta, aka ɗauke shekara daga baya aka mayar gaba. Sai aka haɗa tsohon hatimin gaba da sabon na baya wajen buga fens 20, ta fito babu shekara ko ɗaya. An ƙiyasta cewa ba su kai 250,000 ba, kuma da yake suna da ɗan yawa, farashinsu bai wuce fam gommai ba. A Italiya kuwa, a 2002 an buga wasu masu rubutun santi 1 na Yuro a kan faifan santi 2, da hoton hasumiyar birnin Turin da ya kamata ya fito a santi 2. An sayar da ɗaya a gwanjo a 2013 kan Yuro 6,600, wato sama da miliyan 4 na Sefa.

Mu ma nan yankinmu muna da namu. Dattawa sun san kwabo mai huji na Afirka ta Yamma ta Ingila, mai tauraro mai tsini 6 a baya da rubutun Larabci a gaba, wanda aka yi ciniki da shi a Nijeriya da Gana da Saliyo da Gambiya, ya kuma tsallako kasuwannin Nijar a lalitar fatake. Da yawansu a Birmingham aka buga su, shi ya sa ake ganin ƙaramin harafin H ko KN a jiki. Hujin tsakiyar na asali ne, zanen ma an tsara shi ne ya kewaye hujin. Na ƙusa kuwa yakan katse rubutu ya turo ƙarfe ta baya. Wanda aka manta ba a huda ba, shi ne kuskure.

Sarki Edward na 8 ya hau gadon Ingila a Janairun 1936 ya sauka a Disambar wannan shekara. Kwabo mai sunansa da shekarar 1936 an buga shi da yawa, ba kuskure ba ne, kuma ba shi da tsada. Amma akwai na 1936 da aka buga gabansa da hatimin santi 10 na Afirka ta Gabas. Akwai na 1945 mai sunan Edward, alhali ƙanensa George na 6 ne ke sarauta. Akwai kuma na 1956 mai sunan George na 6, alhali ya rasu tun 1952 ƴarsa Elizabeth ta gaje shi. Ga shi nan, babu lotsawa, babu karkacewa, kwabo ne lafiyayye wanda suna da shekara suka saɓa. Wanda ke da tsohon gwangwanin kakansa, nan ne ya kamata ya sa ido.

KAFIN MU ZARO KUƊI

Ƴan uwa ƴan kasuwa, ko da an dace da kuskure na gaskiya, mafi yawansu ƙanana ne, ribarsu ba ta taka kara ta karya ba, kuma masu sayensu suna nesa da mu. Farashin da aka gani a waya wani ne ya rubuta abin da yake fata. Farashin gaskiya shi ne wanda aka biya aka tafi da kaya.

Mu kuma san salon macuta. Wani baƙo zai zo rumfa da shiga ta mutunci ya ce, Alhaji, ina neman kwandala mai alama kaza, ko nawa ce zan biya, ga lambata. Bayan kwana biyu wani daban ya ɓullo da irinta a ƙulle cikin tsumma, ya ce matsuwa ce ta sa zai sayar da araha. Da zarar an biya, lambar na farkon ta daina shiga. Wasu kuma ta waya za su ce sun samo mai saye a Turai, amma sai an tura kuɗin rajista ko na duwan. Mai saye na gaskiya ba ya neman mai kaya ya fara biyansa. Banza ba ta kai zomo kasuwa, kuma garin neman ƙiba ake samo rama.

Idan kuwa wata ta tsallake duk gwajin da muka lissafa, to kada a wanke ta da toka ko lemun tsami ko yashi, domin gogewa tana kashe darajarta a wurin masu saye. A riƙe ta ta gefe, a naɗe ta a busasshiyar takarda ita kaɗai, a ɗauki hotonta gaba da baya da gefe, a rubuta nauyinta, a nuna wa fiye da mutum ɗaya kafin a yi maganar ciniki. Kada kuma wani ya ce zai ƙera nasa kuskuren da guduma. Ban da cutar da ke ciki, a Nijeriya dokar Babban Banki ta 2007 ta tanadi ɗaurin da bai gaza wata 6 ba ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba ga mai lalata kuɗin ƙasa.

Sauran kuma, waɗanda yawo ne kawai ya gajiyar da su, kuɗi ne, a bar su su yi aikinsu. Bankin BCEAO ya sha nanata cewa dala hamsin da sulallan da suka goge suna nan da darajarsu, kuma ana canza waɗanda suka lalace a rassansa, irin na Yamai da Maraɗi da Damagaram. Dukanmu mun san yadda rashin canji ke kashe ciniki: mai saye ya fasa, ko a tilasta masa karɓar alawa da ashana a madadin kuɗinsa. Kowace dala goma da aka ɓoye a ƙarƙashin teburi ana jiran Bature, canjin wata mai tallan fura ne aka tsare. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba da kasuwa mai albarka.